Zaɓen Keke Don Yawon Tsaunukan Ɗa'if, Baha da Asir

Duk wanda ya zauna a Jidda ko Makka ya san yadda rai yake marmarin iskar tudu idan zafi ya tsananta, kuma cikin 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Hijaz ba a rasa masu ɗora keke a mota ranar Alhamis da daddare su nufi Ɗa'if ko Baha, su yi Juma'a da Asabar suna zagaya ƙauyuka ta hanyoyin da ba su da cunkoson motoci. Wanda ya yi niyyar shiga wannan sahu yakan tsaya cak a kan tambaya guda, wato wane keke zai saya, domin kekuna huɗu ne ake yawan nuna masa a shago: keken gari mai matsakaiciyar taya, keken dutse, keken burji mai lanƙwasasshen kai, da keken batir. Kowanne yana da masu yabonsa, kuma tazarar kuɗin da ke tsakanin na farko da na ƙarshe ta kai albashin watanni ga ma'aikaci.

Hanyar da za a bi

Kafin a kai ga kekunan dole a fara da hanya, saboda a nan ne mafi yawan masu saye suke kuskure. Hotunan bidiyon da suke kwaɗaita wa mutane wannan yawo galibi daga Turai suke, kuma hanyoyin da ake nunawa tsofaffin layukan dogo ne da aka cire musu ƙarafa aka daddaɓe. Hanyar Monsal a Ingila ba ta wuce kilomita 14 ba, Vennbahn tana da kilomita 125 daga Aachen ta Jamus ta ratsa Beljiyam zuwa Luksambok, Sifen kuwa tun 1993 take mayar da layukanta da aka daina amfani da su hanyoyin keke, ciki har da ta Sierra mai kilomita 36 da ramuka 30 da aka huda cikin duwatsu. Jirgin ƙasa ba ya hawan tudu mai tsini, don haka ko da ƙasar duwatsu ce, da wuya hawan irin waɗannan hanyoyi ya wuce mita 2 ko 3 cikin kowace mita 100. A irin wannan shimfiɗa ko tsohon Rale na kakanninmu zai kai mutum.

Tamu ƙasar zaman ba haka take ba. Layin dogon Hijaz da ya isa Madina a 1908 ragowarsa tana kwance cikin rairayi, hanyoyin keke da aka gina musamman kuma, irin na bakin tekun Jidda da na Wadi Hanifa a Riyad da titin keke na garin Ula da ke arewa da Madina, kusan duk a shimfiɗe suke. A tsaunukan Sarawat, inda Ɗa'if take wajen mita 1,800 sama da teku, Hada wajen 2,000, Abha wajen 2,200, dutsen Sauda kuma kusan 3,000, hanyar da babu mota a kanta ita ce hanyar manoma da makiyaya da masu kiwon zuma: burji ne da tsakuwa da dutse, wani wuri siminti mai kaushi da aka zuba a kan gangara, kuma hawan mita 10 zuwa 15 cikin 100 ba baƙon abu ba ne. Ko a can ma mutum zai riƙa haɗuwa da Hilux ɗin manomi jefi-jefi. Manyan hanyoyin aƙaba, wato titunan hawa tsauni, kamar wadda take hawa daga Makka zuwa Hada, na motoci ne, ba su cikin lissafinmu.

Ma'aunai huɗu

Na farko shi ne kuɗi, kuma ba kuɗin saye kaɗai ba, har da abin da keken zai riƙa ci kowace shekara na taya da sarƙa da birki. Farashin da zan ambata ƙiyasi ne na sabon keke mai sunan kamfani sananne, da harajin kashi 15 cikin 100 a ciki, kuma yana motsawa daga shago zuwa shago.

Na biyu ƙarko ne, a gaban abubuwa uku da suke cin keke a nan: ƙura, zafi da ƙaya. Ƙura tana haɗuwa da man sarƙa ta zama kamar sabulun goge ƙarfe, zafi yana busar da roba, ƙayar tsidau da ta itatuwan daji kuma tana huda taya sau da yawa a wuni guda.

Na uku sauƙi ne, kuma a nan zan daɗe, domin shi ne ma'aunin da mai shago ba ya yawan kawowa. Abin da yake sa keke ya hau tudu shi ne giyarsa mafi sauƙi. Ana gane ta idan aka ƙirga haƙoran ƙaramin farantin gaba aka raba su da haƙoran babban farantin baya. Idan gaba tana da haƙora 30, baya tana da 51, sakamakon 0.59 ne, wato duk zagayen feda ɗaya keken zai ci ƙasa da mita ɗaya da rabi, kuma mutum zai iya hawa a zaune yana numfashi daidai. Idan gaba 40 ce, baya 42, sakamakon 0.95 ne, zagaye ɗaya ya haura mita 2, ƙafa za ta ɗauki nauyin da ya fi na farko da fiye da rabi. Ga mai ɗauke da kaya da ruwa a tsaunukan Baha, ra'ayina shi ne duk abin da ya haura 0.8 zai mayar da shi mai tura keke. A tuna kuma cewa iska tana da ƙarancin kauri a mita 2,000, wanda ya taso daga Jidda jiya zai ji haki tun kafin ya saba. Cikin sauƙi har da wurin ɗaura kaya da yadda za a ɗauki keken a mota ko a hau da shi bene.

Na huɗu haɗari ne, wanda ya kasu biyu: faɗuwa a gangara, da lalacewar keke a inda babu mai gyara, wani lokaci babu ma layin waya.

Keken gari mai matsakaiciyar taya

Wannan shi ne keke mai miƙaƙƙen kai da taya mai faɗin milimita 35 zuwa 42. Yana farawa daga wajen riyal 1,800 zuwa 3,000, kayan gyaransa suna da araha, kuma kusan kowane mai gyaran saikal a unguwa ya san su. Yawancinsu suna zuwa da ramukan ɗaura kariyar ɗaukar kaya, abin da yake da muhimmanci ga mai kwana a hanya. Masu faranti biyu ko uku a gaba sukan ba da giya ta wajen 0.8, wadda take bakin iyaka.

Rauninsa yana fitowa ne da zarar kwalta ta ƙare. Tayar tana zamewa a tsakuwa, girgiza tana shiga hannu da kafaɗa, kuma na ƙasa-ƙasa cikinsu har yanzu birkinsu roba ce mai matse rim. Na taɓa sauka wata doguwar gangara a yankin Baha da irin wannan birki, bayan mai shagon da ya sayar mini ya tabbatar mini zai wadatar, sai rim ya yi zafin da ba a iya taɓa shi, tib ɗin gaba ya fashe ina gab da wata kwana. Allah ya tsare, amma tun ranar ban sake ba kowa shawarar hawa tsauni da birkin roba ba. Idan za a sayi wannan keke, a nemi mai birkin faifai.

Keken dutse mai shok a gaba

Ina nufin wanda yake da shok a gaba kaɗai, bayansa ƙarfe ne zalla. Mai birkin faifai da yake aiki da mai yakan fara daga wajen riyal 2,000 zuwa 3,500, wanda yake da faranti 12 a baya masu kaiwa haƙora 51 kuma ya ɗan haura haka. Tayarsa tana da faɗin inci 2.2 zuwa 2.4, nauyinsa kilo 13 zuwa 15.

Wajen ƙarko shi ne a gaba, domin don duka aka ƙera shi. Gangar jikinsa ta alminiyam ba ta damu da ƙura ba, wilinsa yana jure ramuka, kuma rim ɗin da yawa daga cikinsu yana karɓar taya marar tib, wadda ake zuba wa wani ruwa mai kauri a ciki ya toshe hudar ƙaya nan take. Wannan ruwa shi ne babban maganin tsidau, sai dai zafin Hijaz yana busar da shi, dole a riƙa ƙara shi duk wata biyu ko uku, kuma a riƙe tib ɗaya ko biyu a jaka saboda dutse yakan yanka taya yankan da ruwa ba zai toshe ba. Shok ɗin yana buƙatar a goge masa ƙura bayan kowace fita, a kai shi a duba sau ɗaya a shekara. Mai araha sosai yana da nauyi kuma ba ya yin aikin kirki, amma ko shi ya fi babu a kan dutse.

Wajen hawa babu wanda ya kai shi cikin kekunan da ba su da batir, saboda giyarsa takan sauka zuwa 0.6 ko 0.7. Wajen sauka ma shi ne mafi aminci: faɗin kai yana ba da iko, faɗin taya yana kama ƙasa, birkin mai kuma yatsa ɗaya ya ishe shi, hannu ba ya gajiya. Ga mai nauyin jiki ko mai kaya, ya kamata faifan gaba ya zama mai milimita 180 maimakon 160, canji ne mai arha da yake rage zafin birki. Aibinsa shi ne nawa a kan kwalta, inda haƙoran taya suke jan ƙafa suna kuka, kuma ba kowanne ne yake da ramukan kariya ba, sai a duba kafin a biya. Wanda ba shi da su ana ɗaura masa jakunkuna a kai da ƙarƙashin sirdi da cikin gangar jiki, sai dai waɗannan ba sa ɗaukar kaya da yawa.

A nan ya kamata in ja kunne game da keken da ake jerawa a manyan kantuna kusa da kayan wasan yara, mai shok gaba da baya, a riyal ɗari shida ko takwas. Kamannin keken dutse gare shi kawai. Yana da nauyi, birkinsa ba ya riƙe saiti, kuma bai dace a sauka gangarar tsauni da shi ba.

Keken burji mai lanƙwasasshen kai

Wannan yana kama da keken tsere, amma tayarsa ta kai milimita 40 zuwa 50. Shi ne abin yayi a yanzu, kuma yana da dalilinsa: nauyinsa kilo 9 zuwa 11, yana gudu a kwalta, yana shiga burji mai laushi, kansa yana ba hannu wurin riƙo uku ko huɗu don kada ya sage a doguwar tafiya, kuma jikinsa cike yake da wuraren ɗaura gora da jaka. Ba shi da shok, saboda haka abin lalacewa ya ragu. Farashinsa yakan fara daga wajen riyal 4,000 zuwa 6,000, hannun birkinsa da na giya a haɗe suke wuri guda, kuma idan aka faɗi ya karye, sauya shi yana da tsada, ba kuma kowane shago ne yake ajiye shi ba.

Matsalarsa a tsaunukanmu biyu ce. Giyarsa mafi sauƙi yawanci tana tsakanin 0.85 da 0.95, wadda ta dace da tuddan Turai masu sauƙi da kuma matashi mai horo, amma ga magidanci mai shekara arba'in da kaya kilo 10, hawan tsaunin Shafa da ke kusa da Ɗa'if zai zama azaba. Ana iya sauya faranti a rage, sai dai wannan ƙarin kuɗi ne a kan keke mai tsada. Na biyu, zaman da ake yi a kansa yana tura nauyi gaba, kuma a gangara mai duwatsu sabon mahayi yakan tsorata ya matse birkin gaba, abin da yake jefa mutum ta saman kai. Wanda ya iya shi yana jin daɗinsa ƙwarai a hanyar da rabinta kwalta ce rabinta burji, kamar kewayen gonakin wardi na Ɗa'if a watannin Maris da Afrilu lokacin tsinka, ko filayen Ula.

Keken batir

Injinsa yana ƙara wa ƙafa ƙarfi lokacin da ake taka feda. A ƙa'idar Turai, wadda manyan kamfanoni da yawa suke ƙera kekunansu a kai, ƙarfin injin wat 250 ne, kuma yana daina taimako idan gudu ya kai kilomita 25 a awa. Iri biyu ne. Mai inji a cibiyar tayar baya ya fi araha, amma a doguwar hawa mai tsini yana yin zafi ya rage ƙarfi. Mai inji a tsakiya, wajen feda, yana amfani da giyar keken, shi ne na tsauni, kuma da wuya a same shi sabo ƙasa da riyal 10,000.

Alherinsa a fili yake. Dattijo, ko mai ciwon gwiwa, ko uwargida da take son rakiyar maigidanta, kowa zai iya kaiwa inda da ba zai kai ba, kuma tawagar da ƙarfin mutanenta ya bambanta za ta tafi tare. Amma shi ne mafi rauni a gaban zafi. Batir ɗin litiyam ba ya son a bar shi cikin motar da aka rufe a rana, ba ya son a sa masa caji yana da zafi, kuma ko an kula da shi ƙarfinsa yana raguwa da shekaru, sabo kuma yakan ci riyal dubu biyu zuwa uku ko fiye. Sarƙa da birki ma suna saurin cinyewa saboda ƙarfin inji da nauyi. Nauyinsa kilo 22 zuwa 25 ne, wanda yake zaune a hawa na uku a gidan da babu lif ya yi tunani tun yanzu. Hawa yana shan caji ninkin abin da shimfiɗa take sha, nisan da aka rubuta a takarda ba zai samu a Asir ba, kuma idan caji ya ƙare a ƙasan kwari, tura shi zuwa sama aiki ne na mutum biyu. Mai banshar na ƙauye, wato mai gyaran taya, zai yi faci, amma ba zai taɓa inji ba. Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman: kamfanonin jiragen sama ba sa karɓar batir da ya wuce wat-awa 160 daga fasinja, na keke kuwa yana tsakanin 400 da 750, saboda haka wanda yake tunanin komawa da kekensa Kano ko Damagaram wata rana ya san batir ɗin ba zai bi shi a jirgi ba.

| Keke | Farashin farawa da riyal | Ƙarko | Sauƙin hawa | Haɗari a gangara |
|---|---|---|---|---|
| Na gari | 1,800 zuwa 3,000 | matsakaici | matsakaici | babba a tsakuwa |
| Na dutse | 2,000 zuwa 3,500 | mai yawa | mai yawa | kaɗan |
| Na burji | 4,000 zuwa 6,000 | mai yawa | kaɗan, sai an sauya giya | matsakaici, babba ga sabon mahayi |
| Na batir | 10,000 zuwa sama | jiki mai ƙarfi, batir mai rauni | mafi yawa, muddin da caji | matsakaici saboda nauyi |

Abin da babu keken da zai ɗauke wa mutum

Akwai haɗarin da kowane zaɓi ya yi tarayya a cikinsa, kuma kuɗin kariya daga gare shi ya kamata ya shiga lissafi tun farko. Hular kwano, fitila gaba da baya, famfo, kayan faci da safar hannu za su ci wasu ɗaruruwan riyal, kuma gara a sayi keke mai rahusa kaɗan a cika su da a ƙarar da kuɗi a keke a fita babu su. Hazo yana rufe Hada da Baha da Sauda cikin mintoci. Ruwan sama a kan dutse yana iya aiko da ambaliya cikin kwarin da rana take haskawa, don haka ba a kafa tanti a tsakiyar wadi, wato kwari. Gwaggon biri ya saba da mutane a waɗannan wurare, abinci a cikin jaka a rufe ya kamata ya zauna. Kowace litar ruwa kilo ɗaya ce, kuma tsakanin baƙala da baƙala, wato shagunan kayan masarufi, tafiya takan yi nisa, wannan ma dalili ne na neman giya mai sauƙi. A riƙe iƙama, wato katin izinin zama, a jiki, a san lambar motar asibiti 997, a kuma gaya wa wani hanyar da za a bi da lokacin dawowa.

Game da na hannu, ana samun kekuna masu kyau a Haraj, kasuwar kayan hannu, da rabin kuɗinsu daga mutanen da suka saya da zumuɗi suka ajiye. Ga keken gari da na dutse da na burji wannan hanya ce mai kyau, idan aka duba babu tsagewa a gangar jiki, wili bai karkace ba, kuma girman ya dace da tsawon mai saye. Ga keken batir kuwa ban ba da shawara ba, domin ido ba ya ganin lafiyar batir, kuma ba a san sau nawa ya wuni a rana ba.

Wa ya dace da wanne

Ɗan'uwan da zai fara, wanda burinsa hanyoyin manoma na Shafa da Baha da Asir ne, kuma keke ɗaya kawai zai iya saya, ya ɗauki keken dutse mai shok a gaba da birkin mai, ya tabbatar giyarsa ta sauka ƙasa da 0.75, ya mayar da tayoyin marasa tib. Wanda mafi yawan hawansa a bakin tekun Jidda ne ko zuwa aiki, tsauni kuwa sai sau biyu ko uku a shekara a hanyoyi masu siminti, keken gari mai birkin faifai ya wadatar da shi, kuɗin da ya rage ya sa wa kariyar kaya da jakunkuna. Matashin da ya riga ya saba da keken tsere, mai son cin kilomita 80 ko 100 a wuni tsakanin kwalta da burji, keken burji ne nasa, da sharaɗin ya nemi mai faranti biyu a gaba ko ya rage farantin tun a shago. Dattijo, ko wanda likita ya hana shi wahalar gwiwa, ko iyalin da suke son tafiya tare, idan suna da halin saye da wurin ajiya mai sanyi a ƙasa, su nemi keken batir mai inji a tsakiya daga shagon da yake da wurin gyara a garinsu, su kuma tsara tafiyarsu yadda hawan zai zo da safe batir yana cike, gangara ta dawo da su masauki. Wanda kuwa bai tabbatar ma yana son abin ba, ya je Ula tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya yi hayar keke na wuni ɗaya ko biyu, ya gwada na dutse da na batir, kafin ya fitar da kuɗinsa.